Ta danna sau uku, oda ta shigo sau uku: dabarun JavaScript biyar da shafinka ke buƙata

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda waɗanda data ba ta bari su saurari murya ba, da kuma masu son su riƙa karantawa suna gwadawa a kwamfuta.

Bari in fara da abin da ya same ni. Yayata tana sayar da turaren wuta da humra, sai na haɗa mata ɗan shafi inda mai saye zai zaɓi kaya, ya rubuta suna da lambar waya da unguwa, ya danna "Aika". A kwamfutata komai lafiya lau. Kwana huɗu da ɗora shi ta kira ni, ko gaisawa ba mu gama ba ta ce, "Ƙanina, wannan abin naka asara zai ja mini." Ashe wata baiwar Allah ce ta danna maballin, netwok ya tsaya, shafin bai nuna mata komai ba, ta sake dannawa, ta kuma sakewa. Oda uku suka shigo. Yaya ta haɗa kwalba uku ta ba mai mashin, ya isa, matar ta ce ita fa ɗaya ta saya. Kuɗin mashin ya tafi, an kuma yi 'yar cacar baki a waya.

Da na zauna na duba, matar ba ta da laifi ko kaɗan. Ni ne na gina shafin da ake yi masa magana ya yi gum. To yau a kan wannan za mu tsaya: yadda za ka sa shafi ya ji abin da mutum ya yi, ya kuma ba shi amsa nan take.

Ga sabbin shiga, ɗauki shafin intanet kamar shago. HTML shi ne kayan da ke cikin shagon, CSS shi ne yadda aka jera su aka ƙawata wurin, JavaScript kuma shi ne yaron shagon da zai ce maka "sannu da zuwa, me za a ba ka?" Brendan Eich ne ya rubuta shi a kamfanin Netscape da ke Amurka a shekarar 1995, kuma zubin farko cikin kwana goma ya yi shi. An fara kiransa Mocha, aka koma LiveScript, kafin a tsaya a JavaScript. Kada sunan ya ruɗe ku, shi da Java yare biyu ne daban. A 2015 aka yi masa babban gyara, a nan aka samu su const da let da za ku gani a ƙasa.

Idan burauza ta karanta HTML, tana mayar da shi wani tsari mai rassa kamar bishiya, wanda ake kira DOM. Kowane maballi, kowane akwatin rubutu, kowane hoto reshe ne. Aikinka uku ne kawai: ka nemo reshen, ka saurari abin da ya faru da shi, sannan ka canza wani abu. Misali:

const fom = document.querySelector("#oda");
const maballi = document.querySelector("#aika");
const sako = document.querySelector("#sako");

Layukan nan uku nema ne. Sauraro kuma da addEventListener ake yi. Duk dabarun da zan kawo, a kan waɗannan matakai suke tafiya.

Dabara ta farko: ka bari shafi ya gama tashi

Wannan ita ce ta fi kayar da masu koyo. Ka rubuta komai daidai, amma maballi ya ƙi aiki, ka buɗe Console ka ga ja yana cewa abin da ka nema null ne. Dalili shi ne burauza daga sama take karatu zuwa ƙasa. In ka sa fayil ɗin JavaScript a can sama, zai fara neman maballin tun kafin burauza ta kai inda maballin yake. Maganinsa kalma ɗaya ce:

<script src="aiki.js" defer></script>

Wannan defer ɗin tana cewa burauza ta riƙa sauke fayil ɗin a gefe, amma kada ta kunna shi sai ta gama karanta HTML duka. Akwai ƙarin riba: rubutun shafin zai bayyana da wuri, mai ƙaramin netwok ba zai zauna yana kallon farin allo ba.

Dabara ta biyu: kulle maballi, ka kuma yi magana

Wannan ce ta gyara matsalar Yaya. Da zarar mutum ya danna, abu biyu za su faru kafin saƙon ya bar wayarsa: maballin ya kulle, rubutu ya fito.

fom.addEventListener("submit", async function (e) {
  e.preventDefault();
  maballi.disabled = true;
  sako.textContent = "Ana aikawa, a ɗan dakata...";
});

Ku lura da abu biyu. Na ɗaya, submit na fom nake sauraro, ba click na maballi ba, saboda wani zai danna Enter ne a madannai. Na biyu, preventDefault ita ke hana burauza sabunta shafin gaba ɗaya kamar yadda ta saba, don mu aika da kanmu ta hanyar fetch.

To a nan akwai tarko. Mutane suna ɗauka in an samu matsala fetch za ta yi ƙara. A'a, tana yin ƙara ne kawai in saƙon ya kasa isa, kamar in netwok ya yanke. Idan uwar garke, wato kwamfutar da ke karɓar odar, ta dawo da 404 ko 500, ita fetch a wurinta an yi nasara tunda amsa ta zo. Dole kai ka duba amsa.ok da kanka. In ta yi kyau ka rubuta "An karɓi odarki, za mu kira ki." In ba ta yi ba ka rubuta "Bai tafi ba, sake gwadawa." Sannan ka buɗe maballin a cikin finally, domin ko an yi nasara ko an faɗi, kada ya zauna a kulle har abada.

Sai dai kullewa kaɗai ba ta rufe ƙofa duka. Yana yiwuwa oda ta isa, amsar ce ta ɓace a hanya, mutum ya sake aikawa. Shi ya sa na ba kowace oda lambar shaida tun lokacin da aka buɗe fom. In lamba ɗaya ta zo wa uwar garke sau biyu, ta biyun sai ta yi watsi da ita.

Dabara ta uku: duba lambar waya, amma ban da tsanani

Oda marar lamba mai kyau ba ta da amfani, don ba wanda za a kira. Lambar wayar salula a Najeriya lamba 11 ce da ke farawa da 0, ko kuma +234 sai lamba 10. A Nijar lamba 8 ce, ana sa +227 a gabanta. Amma mutane ba sa rubutu iri ɗaya: wani zai bar tazara, wani ya sa karan tsakiya, wani ya kwafo daga WhatsApp da +234 ɗinsa. Kada ka kore su da jan rubutu saboda tazara. Ka fara wanke lambar:

let lamba = akwati.value.replace(/\D/g, "");

Wannan layin yana cire duk abin da ba lamba ba. Daga nan in ta fara da 234 kuma tsawonta 13, sai ka mayar da 234 ɗin zuwa 0, ka ƙirga ko ta kai 11. In Yaya tana da masu saye daga Maraɗi ko Damagaram, sai ka buɗe musu tasu ƙa'idar.

Abu biyu ƙanana amma masu tsada. Kada ka mayar da lambar waya adadi irin na lissafi, sifirin farko zai faɗi, 0803 ta koma 803. Ka bar ta a matsayin rubutu. Sannan a HTML ka sa type="tel", waya za ta buɗe wa mutum madannan lambobi kai tsaye.

Ku riƙe wannan kuma: duk binciken da ka yi a burauza don sauƙaƙa wa mutumin kirki ne. Mai mugun nufi zai iya tsallake shi cikin minti ɗaya, don kod ɗin a hannunsa yake. Dole a sake duba komai a uwar garke.

Dabara ta huɗu: kada rubutun mutum ya ɓace

Kowa ya san wannan takaicin. Ka cika fom rabi, kira ya shigo, ko ka leƙa wata manhaja don kwafo adireshi, ka dawo ka tarar wayar ta sabunta shafin, komai ya share. Ƙananan wayoyi sun fi yin haka, don suna rufe shafukan baya in wuri ya yi musu kaɗan. Mutum da yawa daga nan ba zai sake cikawa ba, ciniki ya wuce.

Burauza tana da wata 'yar ma'ajiya mai suna localStorage, wadda a galibin burauzoji ke ɗaukar kusan 5MB ga kowane gidan yanar gizo, kuma abin da ka ajiye yana nan ko an rufe shafin.

adireshi.addEventListener("input", function () {
  localStorage.setItem("adireshi", adireshi.value);
});

Duk harafin da aka ƙara, an ajiye. In shafi ya sake buɗewa, sai ka ɗauko da getItem ka mayar cikin akwatin. In oda ta tafi lafiya, ka goge da removeItem.

Gargaɗi: ban da kalmar sirri, ban da lambar katin banki, ban da NIN ko BVN. Wannan ma'ajiyar ba ta da kwaɗo, kuma a gidajenmu waya ɗaya mutum uku ke taɓawa, ga masu shiga intanet a kafe.

Dabara ta biyar: bincike da ya san Hausa

Wannan ba za ku same ta a darussan Turawa ba. Yaya ta rubuta sunan wani kaya da "ƙamshi", da ƙ mai ƙugiya. Mai saye ya rubuta "kamshi" da k tsirara, tunda madannan wayarsa ba su da ƙ. A wurin kwamfuta waɗannan haruffa biyu ne daban, sai ta ce babu kayan, alhali ga shi nan a kan kanta.

In ka bincika, za a ce ka yi amfani da normalize. Tana aiki ga haruffan Faransanci irin é, saboda ana iya raba su zuwa e da alamar sama. Amma ƙ, ɗ, ɓ da ƴ ba sa rabuwa haka a Unicode, kowanne harafi ne mai zaman kansa. Dole ka yi da hannu:

function saukaka(r) {
  return r.toLowerCase()
    .replace(/ƙ/g, "k").replace(/ɗ/g, "d")
    .replace(/ɓ/g, "b").replace(/ƴ/g, "y")
    .replace(/['’]/g, "");
}

Layin ƙarshe saboda 'y ne: a Najeriya muna rubuta 'ya, a Nijar suna rubuta ƴa, wani kuma ya rubuta ya kawai. Ka bi da abin da mutum ya rubuta ta nan, ka bi da sunan kayan ta nan, sannan ka kwatanta. Amma abin da za ka nuna a allo ka bar shi da ƙugiyarsa, kwatancen ne kawai ake sauƙaƙawa.

In binciken yana zuwa uwar garke ne, kada ka aika a kowane harafi. "Turare" harafi shida ne, buƙata shida ke nan daga datar mutum. Yi amfani da setTimeout ka jira kamar milisakan 300 bayan ya tsaya da rubutu, in ya ƙara harafi ka soke na baya da clearTimeout. Masu sana'ar suna kiran wannan debounce.

Ɗaya kuma da ba na son ku manta. In za ka nuna abin da mutum ya rubuta, kamar "Ba a samu kaza ba", yi amfani da textContent, ka guji innerHTML. Shi innerHTML yana ɗaukar rubutun a matsayin HTML, don haka wani zai iya cusa kod ya yi aiki a shafinka, ya sace bayanan masu ziyara. Sunan wannan harin XSS, kuma shafuka da yawa ta nan aka shige su.

Yadda za ka gwada

Kuskurena na asali shi ne a kan netwok mai kyau na yi gwaji. A Chrome ka danna F12, ka shiga Network, akwai wurin da za ka rage gudun intanet zuwa 3G ko ka kashe shi da Offline. Cika fom ɗinka a haka. Danna maballi sau biyar da sauri. Sabunta shafin ana tsakiyar rubutu. Daga nan ka ari wayar da ta fi kowacce tsufa a gidanku, ka miƙa wa wanda bai san komai game da kod ba, ka yi shiru kana kallo. Inda ya tsaya yana kallonka, nan ne gyaranka yake.

Bayan na yi wa Yaya waɗannan gyare-gyaren, na nuna mata saƙon "Ana aikawa", sai ta ce, "Yauwa, yanzu ya koyi gaisuwa." Oda mai maimaici ba ta sake shigo mata ba.

Aikin gida na wannan makon: haɗa fom mai akwati biyu, suna da lambar waya, ka sa masa dabara ta biyu da ta uku, ka gwada shi a Offline. Wanda ya maƙale ya turo mana hoton abin da Console ya rubuta masa, za mu ɗauki wasu mu warware a shiri na gaba, inda za mu duba yadda ake sauraron maballai ɗari da mai sauraro guda ɗaya. Allah ya ba mu ilimi mai amfani. Sai mun haɗu, a huta lafiya.