Hasashen sanyin bana: Abubuwan da ya kamata manomin Galma ya sani

Da zarar an ɗaure hatsi an kai rumbu, hankalin mutanen Galma Kudawace da sauran garuruwan kwarin Tarka yakan koma garka. Ana rainon irin albasa, ana gyaran rijiya, ana duba injin ban ruwa. A daidai wannan lokaci ne kuma saƙonni suke fara yawo a WhatsApp da Facebook cewa masana sun hango sanyi mai tsanani yana tafe, ko kuma bana ba za a yi sanyi ba sam. Tambayar ba ta wasa ba ce ga wanda ya ci bashin taki da mai, domin albasa da ɗari take girma. Amma kafin mutum ya sauya ranar dashensa saboda saƙon waya, yana da kyau ya san abin da irin wannan hasashe yake iya faɗa da abin da ya fi ƙarfinsa.

Sanyin wa ake nufi?

Mafi yawan labaran "sanyi mai zuwa" da ake gani a intanet daga watan Satumba an rubuta su ne don Turai da Amurka. Damuwarsu dusar ƙanƙara ce da kuɗin ɗumama ɗaki. Wani ya juya labarin zuwa Hausa, ya cire sunan ƙasar, shi ke nan ya zama na kowa. In saƙo bai ambaci yanki ba, bai ambaci hukumar da ta fitar da shi ba, a bar shi inda aka gan shi.

Daga ina hunturunmu yake zuwa?

Iska biyu ke karɓa-karɓa a sararin Nijar. Ta damina tana tasowa daga teku ta kudu maso yamma, ɗauke da laima. Ta hunturu tana gangarowa daga Sahara ta arewa maso gabas, busasshiya ƙayau. Iyakar da ke tsakaninsu tana hawa arewa da bazara, ta wuce mu, sannan ta juya kudu ta sake wuce mu wajen Oktoba, har ta kusa gaɓar teku a Disamba da Janairu. Da ta bar mu a baya, mun shiga hannun iskar hamada.

Ƙarfin wannan iska ya danganta ne da nauyin iskar da ke taruwa a kan Libiya da arewacin Sahara. Idan sanyin Bahar Rum ya kwararo kudu, nauyin ya ƙaru, sai iska ta taso da ƙarfi na kwana uku ko huɗu, sannan ta lafa. Shi ya sa ɗari ba ya zuwa a miƙe. Zuwa yake yi kashi-kashi.

Hazo kuma nasa asalin daban. Babbar matattararsa ita ce kwarin Bodele a arewacin Chadi, busasshen gindin tsohon tafkin Chadi, inda iska ke matsewa tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi ta fito da gudu, ta kwashi farar ƙura mai laushi. Babu wani wuri guda a duniya da ya kai shi tayar da ƙura. Tsakaninsa da Madawa ya fi kilomita 1,000, amma ƙurar kan ci wannan tafiya cikin kwana ɗaya ko biyu. Tenere da gefen duwatsun Ayar su ma suna ƙara nasu.

Wani abu da mai garka ya sani tun kafin masana su rubuta: daren da ya fi sanyi shi ne wanda sama ta yi garau, iska ta kwanta. A irin wannan dare zafin ƙasa yakan tsere sama, iska mai sanyi ta gangaro daga tudu ta taru a fadama. Wanda ya fita ban ruwa da asuba ya san yadda yatsu ke ƙagewa a kan tiyo, alhali mutanen cikin gari a kan tudu suna cewa yau da sauƙi. A Tawa, matsakaicin sanyin asubar Janairu yana wajen digiri 15, rana kuma ta haura 30. Cikin kwari yakan sauka ƙasa da haka.

Yaya ake hango wata uku gaba?

Ba a iya cewa ranar kaza ga Janairu za a yi hazo. Tun 1963 wani masani ɗan Amurka, Edward Lorenz, ya nuna cewa ɗan kuskure ƙanƙani a awon iskar yau yakan yi ta girma har ya lalata lissafin gaba ɗaya. Saboda haka hasashen rana-rana ba ya wuce kamar mako biyu, kome girman kwamfutar.

Hasashen dogon zango wata dabara ce daban. Iska tana saurin sauyawa, amma teku yana da nawa: in ruwansa ya ɗumama, yakan yi watanni a haka, yana karkata yanayin duniya gefe guda. Sai manyan cibiyoyi, irin su ECMWF ta Turai da NOAA ta Amurka, su sa kwamfuta ta maimaita lissafin watanni masu zuwa sau da dama, kowane karo da ɗan bambanci a mafari, sannan a ƙirga inda yawancin sakamakon ya faɗa. Kamar ranar kasuwar Madawa ne: kana iya cewa za ta cika, ba ka iya cewa wane da wane za su zo.

Abin da ke fitowa kashi uku ne: sama da yadda aka saba, daidai da shi, ko ƙasa da shi, ana auna su da matsakaicin shekarun 1991 zuwa 2020. A ce, misali, an ba ɗumi kashi 45 cikin 100, daidai 35, sanyi 20. Wannan ba ya nufin ba za a yi sanyi ba. Yana nufin in aka haɗa watanni ukun aka raba, ɗumi ya fi yiwuwa. Mako guda na ɗari mai ratsa ƙashi yana iya ɓuya cikin wannan lissafi ba tare da hasashen ya yi ƙarya ba. Nan ne mafi yawan rashin fahimta yake.

Me ya sa hasashen damina ya fi na ɗari ƙarfi?

Yamai ce mazaunin manyan cibiyoyin yanayi biyu: AGRHYMET, wadda ƙungiyar CILSS ta kafa a 1974 bayan babban farin wancan lokacin, da ACMAD mai hidima wa Afirka baki ɗaya. Tun 1998 masanan Afirka ta Yamma suke taron shekara-shekara don fitar da hasashe. Na yankinmu ana kiransa PRESASS, ana yin sa kafin saukar ruwa. Aikinsa damina ne: yaushe za ta fara, yaushe za ta ɗauke, ko za a yi dogon tsaiko, ko koguna za su cika. Daga nan hukumar yanayi ta ƙasa, wadda aka fi sani da meteyo, take fitar da na Nijar.

An fi ba damina ƙarfi saboda yunwa daga can take zuwa, kuma ruwan Sahel yana da alaƙa bayyananniya da ɗumin tekuna. Hunturu kuwa ya rataya ne a kan iskokin Bahar Rum da arewacin Atlantika, waɗanda ba sa tsayawa wuri ɗaya balle a hango su da nisa. Ga kuma ƙarancin awo: manyan tashoshin da suka fi kusa da Galma suna Tawa da Birnin Konni, kuma ba a cikin garka suke ba.

Abu ɗaya da ake iya dogara da shi ɗan kaɗan shi ne El Nino, ɗumamar tekun Pasifik. Bayan ya kai ƙololuwa wajen ƙarshen shekara, ƙasashe masu zafi kan ƙara zafi a watannin da ke biye. An gani a 2024: zafi ya shigo da wuri, har garin Kayes na Mali ya kai digiri 48.5 a farkon Afrilu. A ra'ayina wannan ne ɓangaren hasashen da ya fi amfani ga mai albasa, wato yaushe ɗari zai janye, fiye da tambayar ko zai yi tsanani.

Lissafin taurari da malamai da tsofaffi ke yi, manzili 28 kowane da kwana 13, kalanda ce mai kyau. Tana faɗa maka lokacin da aka saba shiga sanyi da fita. Ba ta bambanta bana da bara.

Abin da ya shafi garka

Albasa 'yar Galmi tana son sanyi lokacin da take yin ganye, sannan ta ɗaura kai idan rana ta fara tsawo da zafi. In zafi ya yi sammako tun farkon Fabrairu, wadda aka dasa a makare ba ta samun isasshen ganye, kai ya fito ƙanana, ƙananan ƙwarin nan masu tsotse ganye har ya yi fari-fari su yi yawa, ban ruwa ya ƙaru, kuɗin mai ya ƙaru. In kuma an yi dashe da wuri sosai, shuka ta girma sannan sanyi mai ƙarfi ya same ta, sai ta fid da sanda ta yi fure, kuma irin wannan ba ta jimre ajiya a rudu. Tunda babu mai iya tabbatar da wanne zai faru, raba dashe kashi biyu ko uku ya fi jiran hasashe.

Akwai kuma abin da ba ya bukatar kwamfuta. Zurfin ruwa a rijiya bayan damina shi ke faɗin iyakar fangalin da mutum zai iya shayarwa har Maris. Yawan ciyawa a arewa, wajen Abalak da Cintabaraden, shi ke faɗin haɗarin gobarar daji idan iska ta taso. Ita kuma iskar, an daɗe da sanin maganinta a wannan yanki: layukan dogon yaro da aka fara dasawa a kwarin Magiya ta ƙasar Buza a 1975, da aikin raya ƙasa na Keita da aka soma a 1984, duk sun nuna itace na rage mata ƙarfi ko wace irin shekara ce.

Hazo da sanƙarau

Ƙura da bushewar iska suna raunana hanci da maƙogwaro, shi ya sa sanƙarau ke tashi daga tsakiyar hunturu zuwa bazara, ya kwanta da saukar ruwa. A 2015 Nijar ta ƙirga kimanin mutum 8,500 da ake zaton sun kamu, fiye da 500 suka rasu. ACMAD tana fitar da sanarwar faɗakarwa kan yankunan da yanayinsu ya dace da ɓarkewar cutar, amma rigakafi ba ya jiran sanarwa. Zazzaɓi mai zafi da sanƙarewar wuya, a tafi gidan likita a ranar. Kaskon garwashi kuma kada ya kwana a rufaffen ɗaki.

To wane hasashe za a saurara?

Na kwana uku zuwa bakwai. Tauraron ɗan Adam yana ganin ƙura tun tana tashi a Bodele, kuma cibiyar da Hukumar Yanayi ta Duniya ta ɗora wa wannan aiki a Basalona ta Sifen tana fitar da taswirar tafiyarta kullum. Wannan ne zai gaya maka ka ɗage feshi, ka ƙara ruwa kafin iska, ko ka hana mai asma fita. Matsalar ita ce yawancinsa yana tsayawa a Faransanci da Turanci a kan allon kwamfuta. Ya kamata meteyo da majalisar manoma ta jihar Tawa su riƙa miƙa shi ga gidajen rediyon karkara na Madawa, Buza da Keita da Hausa, daga Nuwamba har Maris, kamar yadda ake yi wa labarin ruwa da damina.