Hayaƙin Farar Wuta da Hanyoyin Auna Shi

Farar wuta ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa, domin an daɗe ana sayar da ita a kasuwa don maganin ƙazuwa. Sai dai ba kowa ya san akwai ta a cikin kwal da ɗanyen mai ba. Idan aka ƙona su don samar da lantarki, takan haɗu da iskar oksijin ta zama wata iska marar launi, mai warin ashanar da aka ƙyasta, wadda masana ke rubutawa SO₂. Tana shaƙe maƙogwaro, tana tayar da ciwon asma, in kuma ta narke cikin gajimare sai ruwan sama ya yi tsami.

Wannan iska ba ta san iyakar ƙasa ba. A 1967 wani masani ɗan Suwidin, Svante Odén, ya bayyana cewa tafkunan ƙasarsu suna yin tsami saboda hayaƙin da iska ke kwasowa daga ƙasashe irin su Ingila da Jamus. Wannan na cikin dalilan yarjejeniyar Janeba ta 1979, ta sa ido kan gurɓataccen hayaƙi mai ƙetare iyaka.

To, yaya abin yake a Zariya? Wutar Nijeriya daga madatsun Kainji, Jebba da Shiroro take fitowa, sai tashoshin iskar gas, waɗanda farar wutarsu kaɗan ce. A Nijar ne ake da tashar kwal a Anu Araren, yankin Agadas, tun 1981. Amma duk wanda ya ratsa Chikaji ko kasuwar Sabon Gari ranar da aka ɗauke wuta, zai ji rurin janaretocin masu walda da injin niƙa. Kowane ɗaya ƙaramar tashar lantarki ce, kuma bututunta daidai hancin mai wucewa yake. A 2016 doka ta yarda man dizal a Nijeriya ya ƙunshi farar wuta har kashi 3,000 cikin miliyan, alhali a Turai kashi 10 ne. A watan Disamban shekarar ne Nijeriya da wasu ƙasashen yammacin Afirka huɗu suka amince a rage zuwa 50.

Hanyoyin awo uku ne. Ta farko, a rataye ɗan ƙaramin gwangwani mai takarda jiƙe da sinadari, ta yi makonni tana tsotsar iskar, sannan a kai ta ɗakin bincike. Ta biyu, a tari ruwan sama a auna tsaminsa da ma'aunin pH; ruwa mai tsabta yakan nuna kusan 5.6, ƙasa da haka kuwa alamar gurɓata ce. Tun shekarun 1990 ake irin wannan awo a Banizumbu, gabas da Yamai, inda aka gano cewa ƙurar hamada tana kashe yawancin tsamin. Ta uku ita ce tauraron ɗan'adam, kamar Sentinel-5P da aka harba a 2017, mai hango hayaƙin manyan tashoshin kwal na Mpumalanga a Afirka ta Kudu.

Amma tauraro ba ya ganin janaretan lungu, kuma ƙurar da ke gyara ruwan sama ba ta kare huhun yaro. Saboda haka awon ƙasa, unguwa unguwa, shi ne zai faɗi abin da mutanen Chikaji da Samaru suke shaƙa. Makarantar sakandare ma za ta iya somawa da kwalba mai tsabta, da takardar gwajin pH, da littafin rubuta sakamako kowace damina.