Hawan Silo a Injin Fetur: Rarrabe Sahihin Zance da Ji-ta-ji-ta

Daga cikin mas'alolin da masu motoci suka fi yawan kai wa makanikai, kuma aka fi yawan yin fatawa a kansu ba da ilmi ba, akwai mas'alar hawan silo, watau mutum ya tsayar da mota, ya ɗauke ƙafarsa daga kan totur, amma maimakon injin ya kwanta ya riƙa numfashi a hankali kamar yadda ya saba, sai ya ci gaba da ruri kamar ana korarsa. Na sha zama a kan bencin gareji ina sauraron abin da jama'a ke faɗi game da wannan illa, na tarar gaskiya da ƙarya sun cakuɗe a ciki kamar shinkafa da tsakuwa, don haka na ga ya kyautu in zauna in tsince su, domin dukiyar bayin Allah mai yawa tana salwanta a kan zato.

Asalin da za a gina kowane hukunci a kansa shi ne, injin fetur da iska yake gudu. Idan aka auna da nauyi, kowane kashi 1 na fetur yana bukatar wajen kashi 14.7 na iska kafin ya ƙone sarai, kuma abin da direba ke takawa da ƙafarsa ƙofar iska ce yake buɗewa, fetur biyo ta yake yi gwargwadon abin da ya shiga. Galibin ƙananan motoci, idan injinsu ya ɗau zafi, silonsu yakan tsaya tsakanin juyi 600 da 900 a minti guda. To, idan aka ga allurar da ke nuna juyin inji ta haura 1,000 ta zauna can, alhali injin ya yi zafi kuma babu wani nauyi a kansa, tambayar da mai hankali zai yi ita ce: ta wace kafa ƙarin iska ke shiga, ko kuwa wane ne ya ba da umurnin a buɗe mata?

Da wannan mizani za a gane raunin zancen da ya fi kowanne yawo, cewa wai gurɓataccen fetur ne ke hau da silo. Mugun mai yakan jawo kakkarwa, da tari, da mutuwar inji a tsakiyar hanya, amma ba shi da ikon buɗe wa iska ƙofa. Haka nan zancen filogi: filogin da ya gaji sauke ƙarfin inji yake yi, ba ya ƙara masa gudu.

Akwai kuma waɗanda hankalinsu ke tashi idan suka tayar da mota da asuba a lokacin hunturu suka ga allura ta kai 1,200 ko 1,500. Wannan ba cuta ba ce, tsari ne da maƙeran suka yi da gangan, domin fetur ba ya zama tururi da kyau a cikin ƙarfe mai sanyi, sai kwamfutar motar, wadda makanikai ke kira burenbos, ta ƙara iska da mai har injin ya ɗumama, sa'an nan ta sassauta da kaɗan-kaɗan cikin 'yan mintoci. Haka kuma ɗan ƙarin da ake gani yayin da aka kunna na'urar sanyi, taimako ne ake yi wa injin don kada nauyin ya kashe shi. Abin dubawa kawai shi ne ko ya sauko bayan ya yi zafi.

A nan ne ya wajaba in tsaya in daɗe, saboda akwai wata al'ada da ta zama kamar ijma'i a garejojinmu, ita ce cire tamastat daga motar da aka shigo da ita daga Turai ko Amurka, bisa hujjar wai an yi shi ne don ƙasashen ƙanƙara, mu kuwa rana ta ishe mu. Wannan ƙiyasi ne ɓatacce. Tamastat ɗan bawul ne da ke tsare ruwa a cikin inji har ya kai zafin da aka ƙaddara masa, wanda a motocin Toyota da yawa yake wajen digiri 82, sa'an nan ya buɗe ya sake shi zuwa lagireto. Zafin ranarmu kuwa, ko a watan Afrilu a Sakkwato, bai kai kusa da wannan ba. Idan aka cire shi, musamman idan aka haɗa fanka kai tsaye tana juyawa tun daga tayar da mota, sai ruwan ya yi ta kewaya cikin sanyi, na'urar auna zafi ta yi ta shaida wa kwamfuta cewa har yanzu injin bai ɗumama ba, ita kuwa kwamfutar ta yi aiki da shaidar da aka ba ta, ta riƙe silo a sama ta ƙara zuba mai. Mai mota ya yi ta kukan shan fetur bai san a garejin aka haifar masa da shi ba. Irin wannan kuma yakan faru idan na'urar auna zafin ita kanta ta lalace ko wayarta ta tsinke, ko iska ta maƙale a cikin ruwan bayan an canja shi.

Zancen kwance sukurun silo kuwa, rabinsa gaskiya ne. A zamanin kafireto, kamar na Peugeot 504 da aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, lalle akwai sukurun da aka tanada don wannan aiki, kuma makanikin da ya duba ya ga cok bai maƙale ba, ya murɗa sukurun da kunnensa a kan injin, ya yi daidai. Amma a motar injekta, sukurun da ke jikin maƙogwaron totur an daidaita shi ne tun daga masana'anta, sau da yawa ma an ɗiga masa fenti don a gane in an taɓa shi, kuma mai murɗa shi yana ɓoye alama ne ya bar illar a inda take, ya kuma ɓata lissafin da kwamfuta ke dogara da shi.

Sababin da ya fi yawa, wanda kuma aka fi raina shi saboda arharsa, shi ne ɓarauniyar iska. Na gani da idona a kan tsohuwar motata, bayan an canja mini filogi an wanke nozul ba a ga sauƙi ba. Wani dattijon makaniki ya buɗe bonet, bai ɗauki sufana ba, ya ce wa yaransa su yi shiru, ya sunkuya ya kasa kunne. Can sai ya ce, "Malam, matso ka ji." Na kuwa ji wani siririn shuuu a ƙarƙashin rurin injin. Ya bi tiyoyin roba ɗaya bayan ɗaya yana matse su da yatsa, har ya zo kan wani ƙarami a bayan manifol, da ya matse shi sai injin ya kwanta nan take, da ya sake shi ya koma ruri. Ya juyo mini cikinsa, ga tsaga ba ta fi tsawon farce ba, zafi da shekaru sun busar da robar. Irin wannan kafa takan samu a gaskit ɗin manifol, ko a babban tiyon da ke zuwa tukunyar birki, ko a bawul ɗin da ke mayar da hucin baƙin mai cikin inji. A wasu motocin takan hau da silo ya zauna, a wasu kuwa ya riƙa hawa da sauka. Sai dai ina gargaɗi da babbar murya game da masu yayyafa fetur a kan inji mai zafi don neman kafar, domin tartsatsi guda ya isa ya tayar da gobara. Ruwan sabulu ya wadatar, na'urar hura hayaƙi kuwa ta fi duka inda ake da ita.

Sahihi ne kuma abin da ake faɗi cewa silo kan hau bayan an wanke maƙogwaron totur, ko da yake wasu suna ɗora laifin a kan wankin. Haƙiƙar al'amarin ita ce, a motocin da toturinsu na lantarki ne, kwamfuta ta daɗe tana ƙara buɗe ƙofar don ta rama abin da dattin ya toshe, to da aka share dattin sai ta ci gaba da tsohuwar ɗabi'arta har sai an sake koya mata, ko dai da na'ura ko ta hanyar da littafin motar ya tsara. A tsofaffin kuwa akwai bawul ɗin silo na musamman, wanda baƙin datti kan riƙe shi a buɗe, kuma sau da yawa wanki ya ishe shi.

Amma cewa burenbos ya mutu, wannan shi ne hukunci mafi tsada kuma mafi ƙarancin aukuwa, bai halatta a yanke shi ba sai an kore duk abin da ya gabata. Tun daga 1996 motocin da ake sayarwa a Amurka suke zuwa da kafar jona na'urar bincike, kuma lambar P0507 da takan fito ma'anarta kawai silo ya wuce abin da ake tsammani, ba ta ambaci mai laifi ba. Idan P0171 ta biyo ta, to iska ta rinjayi fetur, sai a koma wa tiyoyi da gaskit.

Kada kuma mai mota ya ce tun da tana tafiya bari ya haƙura, musamman mai giyar otomatik, domin motar za ta riƙa fizga yayin sa giya, ta riƙa ture birki a cikin cunkoso inda yara ke ratsawa. Kafin ya kai ta gareji, ya leƙa ya ga ko tabarmar ƙafa ta danne totur, sa'an nan, da injin a kashe, ya taɓa wayar totur in motarsa mai waya ce, ya tabbata tana da ɗan sassauci kuma ƙofar tana komawa ta rufe da kanta idan an sake ta.