Sufle ya sake yagewa: robar ce ke da laifi?

Duk wanda ya saba bin hanyoyin rairayi na jihar Maraɗi da ƙaramar mota ya san wannan alama. Ka tsaya a inuwa, ka duƙa ka leƙa bayan tayar gaba, sai ka tarar baƙin maiƙo ya fantsama ko'ina kamar an watsa tawada. Bakanike ba ya buƙatar dogon bincike kafin ya shaida maka cewa sufle ya yage. Kalmar ta Faransanci ce, ma'anarta zugazugin maƙeri, kuma sunan ya dace da wannan roba mai ninki-ninki da ke rufe gaɓar kardan.

Cikin shekara guda sau uku na biya kuɗin sufle a gefe ɗaya, na dama, a wata tsohuwar Corolla da nake zirga-zirga da ita tsakanin Tasawa da Mayahi. Karo biyu na farko bayani ɗaya aka yi mini: robar ba ta da kyau. A karo na uku ne na kai ta wurin wani dattijon bakanike a Tasawa, wanda kafin ya taɓa sabon suflen da na sayo sai ya wanke tsohon da kananzir, ya shanya shi bisa gwiwarsa, yana juya shi kamar malami mai duba allo. A ranar na gane cewa yagaggiyar roba tana ba da labarin abin da ya kashe ta, mu ne ke gaggawar jefar da ita.

Mota mai jan gaba tana aika ƙarfin injinta zuwa tayoyi ta sanduna biyu, su ne kardan. Tayar gaba kuwa ayyuka uku take yi a lokaci ɗaya: tana juyawa, tana bin sitiyari, tana hawa da sauka bisa gargada. Saboda haka aka sa wa kowane kardan gaɓoɓi biyu. Ta wajen taya tana da ƙwallayen ƙarfe shida cikin keji, tana iya karkata fiye da digiri 40 ba tare da ta daina juyawa daidai ba; wani injiniyan kamfanin Ford a Amurka, Alfred Rzeppa, shi ya ƙago ta a shekarun 1920. Ta wajen akwatin giya tana shiga tana fita, domin tsawon sandar ya riƙa bin motsin taya. Dukansu cikin giris suke rayuwa. Aikin sufle shi ne ya riƙe giris a ciki, ya hana ƙasa da ruwa shiga.

Bisa kwaltar da ta taso daga Maraɗi ta ratsa Tasawa zuwa Damagaram, yagaggen sufle yana iya ɗaukar makonni kafin gaɓar ta lalace. A hanyar Urafan ko ta Kanambakashe babu wannan rangwame. Rairayi na haɗuwa da giris, sai su zama abin wasa wuƙa, su cinye ƙwallaye da kejinsu. Daga nan za ka fara jin ƙas-ƙas-ƙas duk lokacin da ka karya kwana. Wanda ya yi kunnen uwar shegu da wannan ƙara, wata rana zai taka totur injin ya yi ruri motar ta ƙi motsi, ga kaya, ga fasinja, ga kasuwa tana ci. Kuɗin kardan kuwa ya ninka na roba sau da yawa.

Ga abin da dattijon ya nuna mini, da abin da na bincika daga baya.

Idan yankan a miƙe yake, mai tsabta kamar na reza, ko kuwa huda ce, to daga waje abin ya zo. Manyan motoci da amalanke suna haƙa hanya biyu su bar tudu a tsakiya, ƙaramar mota tana tafe cikinta na shara. Bayan girbi tushiyar karan hatsi ta bushe ta yi tsini, ga ƙayar aduwa, ga guntun waya da ledar da kan naɗe a sanda. Wannan tsautsayi ne, ba ya maimaita kansa a wuri ɗaya.

Idan robar ta taurare, ta yi tsage-tsage ƙanana a duk jikinta, tsufa ne ko zafi. Zafin Afrilu da Mayu, da kan wuce digiri 40, yana da nasa rabo, amma akwai wanda muke jawowa da hannunmu. Suflen ciki a motoci da yawa yana maƙwabtaka da bututun salansa, masu ƙera motar sun sa wani ɗan faranti tsakaninsu. Farantin nan yakan saki ya dami mutane da ƙara, sai a cire shi a yar. Birkin da ke riƙewa shi ma yana gasa suflen waje. Man injin da ke ɗiga a kan roba kuwa yana kumbura ta har ta yi laushi ta ruɓe.

Nawa ba ko ɗaya daga cikin waɗannan ba ne. Ya tsage ne a cikin kwarin ninki, zagaye, gefen ninkin ya yi sulɓi yana ƙyalli. Wannan alamar roba ce da ta daɗe tana gugar kanta. Dalilin kuwa ni na biya kuɗi aka yi shi: da na sayi motar, na sa aka ɗaga ta da ƙarin ƙarfe bisa sifirin domin kada cikinta ya riƙa taɓa rairayi, kamar yadda masu ƙananan motoci da yawa ke yi a ƙasarmu. Ɗagawar ta sa kardan ya karkace dindindin, ninkin sufle suka matse a gefe guda, suna gugar juna a kowane juyin taya. Ƙari a kan haka, ɗaya daga cikin robobin da injin ke zaune a kai ta mutu, injin yana jirkicewa duk lokacin da aka ba shi wuta, yana jan suflen dama fiye da kima. Ko robar da ta fi kowace tsada aka sa, ƙarshenta ɗaya ne.

Abin mamaki, masu motocin tsere a Turai da Amurka suna kuka da wannan ciwo, ta bayan gida. Su sauke motar suke yi ƙasa domin ta kama kwana, kardan ya karkace ta ɗaya gefen. Birkinsu yakan yi ja don zafi. A gudu mai tsanani giris yana tura roba waje har ta kumbura kamar balan-balan, iskar da ke ciki ta faɗaɗa, sufle ya fashe ko ya zame daga mazauninsa. Shi ya sa waɗansunsu ke cusa siririn bututu ƙarƙashin ƙaramin bakin sufle domin iska ta sami mafita. Manyanmu sun tuna tseren Paris-Dakar da ke ratsa Tenere da Agadas a shekarun 1980, lokacin da Peugeot 205 ta lashe shi a 1987 da 1988. Motocin nan suna da ayarin kanikawa da ke duba su kowane dare. Ɗan kasuwar Mayahi sai ya ji ƙara yake tsayawa.

Akwai kuma laifin hannu, wanda a ganina ya fi na roba yawa. Sufle na asali yana zuwa da zobban ƙarfe biyu da ake matsewa da kayan aiki na musamman. A garejinmu sau da yawa waya ake murɗawa, ko a ɗaure da yankin tsohuwar robar taya. Waya tana yanka wuyan sufle, robar taya tana saki. Giris ɗin gaɓar waje baƙi ne, mai sinadarin molibdenom, an yi shi don matsi mai tsanani. In aka sa na gama-gari sai ya narke ya tsiyaye. Waɗansu kuma suna cika sufle maƙil, wai yawa ya fi, alhali ƙunshin da ya zo da shi shi ne awonsa. Ba a wanke gaɓa sosai, sai a rufe tsohon rairayi cikin sabuwar roba. Kuma kafin a matse zobe na ƙarshe ya kamata a ɗan ɗaga bakin sufle iska ta daidaita, a tabbatar bai murɗe ba.

Ban wanke 'yan kasuwar kayan mota ba. Tun faɗuwar darajar sefa a watan Janairu na 1994, wadda ta ninka kuɗin abin da ake sayowa da kuɗin Faransa, mai mota ya koma neman mai araha, kasuwa kuma ta kawo masa. Akwai sufle da ake yankawa wai ya shiga kowace mota. Mai saye ya lanƙwasa robar da hannu ya duba: in ta nuna fari ko tsaga tun tana sabuwa, ya ajiye ta.

Ba banza ba direbobin daji suka daɗe suna riƙe da Peugeot 504 doguwa da a-kori-kura, waɗanda aka yi ta harhaɗawa a Kaduna. Su da baya suke ja, sandunansu na cikin bututun ƙarfe. Land Cruiser ta daji tana da irin gaɓar nan a gaba, amma cikin ƙoƙon ƙarfe take. Ƙananan motocin da suka kwararo mana na-hannu daga Turai ta tashar Kwatano don titin birni aka ƙera su.

Dattijon ya rage ƙarfen da aka ɗaga motar da shi, ya canza robar injin, ya wanke gaɓar har sau biyu, ya matse zobban da awartakinsa. Ya ce in riƙa leƙawa bayan kowace tafiyar daji, in kuma daina murɗe sitiyari har ƙarshe ina ba da wuta idan na kafe. Suflen ya ga damina biyu bai yage ba. Sai dai motar ta koma gajeriya, kuma a rairayin Gulbin Kaba har yanzu fasinjana sukan sauka su tura.