Gajiyar masu ciwon daji: kwanciya kaɗai ba ta maganinta

Duk wanda ya taɓa jinyar mai ciwon daji ya san wannan gajiya. Mutum ya kwana yana barci, gari ya waye ya tashi kamar wanda ya wuni yana noma. Tana cikin abubuwan da suka fi damun masu karɓar shimiyo ko gashin na'ura, kuma takan ɗauki watanni bayan an gama magani.

A gidajenmu, da an ga haka sai a ce: «Kwanta ki huta.» Tausayi ne, amma yawan kwanciya yana sa jiki ya saki, ƙarfi ya ragu, barcin dare ya lalace, gajiyar ta ƙaru.

A shekarar 2024, ƙungiyar likitocin ciwon daji ta Amurka, ASCO, ta sabunta shawarwarinta kan wannan gajiya. Abin da ta sa a gaba shi ne motsa jiki, da koyon kwantar da hankali, da zama da masanin halayyar ɗan Adam don rage zullumi. Ta kuma ambaci tai ci, wani motsa jiki na ƙasar Sin da ake yi a hankali tare da numfashi, da yoga ga waɗanda suka gama magani.

Galibin wannan ba ya buƙatar kuɗi. A fara da tafiyar minti 5 zuwa 10 a tsakar gida, bayan sallar asuba ko da yamma in rana ta yi sanyi, ana ƙarawa kaɗan-kaɗan. Sannu ba ta hana zuwa. A zauna a inuwa, a ja numfashi ta hanci a hankali, a sake shi ta baki, hankali na kan numfashin, na minti 10. Barcin rana kada ya wuce rabin awa. Aiki mai nauyi a bar shi sai lokacin da jiki ya fi ƙarfi, saura a raba wa ƴan uwa.

Sai dai a fara da gaya wa likita. Wata gajiyar daga ƙarancin jini take, ko zafin ciwo, ko rashin cin abinci, ko baƙin ciki, kuma kowanne da maganinsa. Wanda ciwon ya taɓa masa ƙashi, ko yake da zazzaɓi, jiri ko sarƙewar numfashi, kada ya motsa jiki sai da izinin likita.

Tun 2021 ake gashin na'ura a Cibiyar Yaƙi da Ciwon Daji ta Ƙasa da ke Yamai. Masu zuwa daga Maraɗi, Tawa ko Damagaram sun san wahalar hanya da ta zaman baƙunta, ga gajiyar maganin kanta. Wasu har sukan yi tunanin dainawa. Waɗannan dabaru ba sa warkar da ciwon, ba kuma sa maye gurbin maganin asibiti. Suna taimaka wa majinyaci ya samu ƙarfin kai maganinsa ƙarshe. In kuna da majinyaci a gida, gobe da safe ku kama hannunsa ku taka tare.