Sayen Fuloti a Badagiri

A dogon hutun da ya wuce na ziyarci kawuna, wanda yake fataucin albasa a Ikko. Ya daɗe yana zaman haya, har ya gaji, ya ƙudura zai sayi fuloti a Badagiri ya gina nasa. Da yake na ɗan iya Turanci, sai ya riƙa tafiya da ni ina duba masa takardu. Abin da na gano shi ne nake so in bayyana wa 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu.

Badagiri tsohon gari ne a bakin ruwa, yamma da Ikko, kusa da iyakar Jamhuriyar Benin. A zamanin da, tashar cinikin bayi ce. A nan ne Baturen nan Kilapatan ya sauka a 1825, ya kama hanyar Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Akwai kuma wani bene da 'yan mishan suka gama ginawa a 1845, har yanzu yana tsaye. Yau kuwa maganar fili ake yi a garin, domin a 2024 aka ƙaddamar da aikin babbar hanya daga Sakkwato zuwa Badagiri, mai tsawon fiye da kilomita 1,000. Kowane dillali da ita yake buɗe baki.

Abu na farko da ya ba ni mamaki shi ne, a shari'ance ba ƙasar ake saye ba. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen kowace jiha a hannun Gwamna, ya riƙe amana domin jama'a. Abin da mutum yake samu shi ne iznin zama, watau satifiket na mallaka, galibi na shekara 99. In kuma mai satifiket zai sayar wa wani, sai Gwamna ya amince. Saboda haka rasit ɗin da mai fili ya rubuta maka shaida ce kawai cewa ka ba da kuɗi.

To, ga inda gizo ke saƙar. Yawancin filayen can na gado ne, na dangi gaba ɗaya. Yarabawa suna kiran irin waɗannan magada omo onile, watau 'ya'yan masu ƙasa. In ba shugaban gidan da manyan dangi ne suka sa hannu ba, gobe wani ɗan'uwansu zai fito ya ce bai san zancen ba. Bayan haka, gwamnatin Ikko ta riga ta karɓe filaye masu yawa domin ayyukanta. Wani lokaci takan yanke wani yanki ta mayar wa ƙauye, ta buga shi a gazet. Wanda ya yi gini a wajen wannan yanki, ranar da aka tashi aiki sai ya ga katafila a ƙofar gidansa.

Saura kaɗan wannan ya faru da kawu. Wani dillali ya kai mu wani fuloti mai ƙafa 60 da 120, ga kwakwa ga iska mai daɗi, kuɗin kuma da sauƙi. Ya ce lalle a ba da kafin alƙalami a ranar, wai akwai mai jira. Kawu har ya sa hannu a aljihu. Na ce, "Kawu, takardar nan babu lambar gazet a jikinta." Ya harare ni, amma ya fasa. Muka ɗauki safiyo, ya auna wurin, ya kai ofishin Babban Safiyo na jiha aka duba. Ashe filin yana cikin na gwamnati. Da an biya, da jarin albasa ya tafi, da kuɗin makarantar 'ya'yansa huɗu.

Safiyon ya ƙara mana da wata shawara, cewa fili a bakin teku da damina ake duba shi. Wurin da ka gani busasshe da rani yana iya zama fadama, sai ka sayi tifa-tifa na yashi ka cike, ka kuma zuba harsashi mai tsada. Iskar gishiri ma tana cin kwanon rufi da wuri. Mu mutanen tudu ba mu saba lissafa wannan ba.

Har na dawo makaranta kawu bai saya ba. Ya sami wani fuloti nesa da ruwa, ya fi na farko tsada, lauya yana bincike a ofishin filaye da ke Alausa. Shekaranjiya ya bugo waya ya ce manyan dangin sun yarda su sa hannu, saura mutum ɗaya da yake zaune a Kwatano.