Ko Kun Sani? Ƙanjamau da Ƙarfin Ƙashi

Ko kun san cewa a cikin wuyanku akwai wasu ƙananan ƙullutai, galibi guda 4, kowanne bai wuce ƙwayar shinkafa ba? Likitoci na kiran su paratayirod. Aikinsu gadin kalsiyam ne a jini. Da zarar ya yi ƙasa sai su saki wani sinadari da ke ɗebo shi daga ƙashi, ya hana ƙoda zubar da shi a fitsari, ya kuma motsa bitamin D don hanji ya tsotsi ƙari daga abinci. Kusan kashi 99 cikin 100 na kalsiyam ɗin jiki yana cikin ƙasusuwa da haƙora.

Ƙanjamau kan dagula wannan lissafi. A wasu majinyatan da cutar ta ci ƙarfinsu, ƙullutan kan yi sanyi wajen aiki. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, magani ma na da nasa hannu: tenofobir, ɗaya cikin magunguna 3 na ƙwayar TLD da asibitocin Najeriya ke bayarwa, har da na Jigawa, yakan sa sinadarin da ƙullutan ke saki ya hau, kuma ƙarfin ƙashi kan ragu da kashi 2 zuwa 6 cikin 100 a shekaru biyun farko, sannan ya lafa.

Wannan ba hujjar barin magani ba ce, domin amfaninsa ya fi wannan illa nesa ba kusa ba. Mai ciwon ƙashi ko raunin jijiyoyi ya gaya wa likita a duba masa ƙoda. Kindirmo, zogale, kuka da ƙananan kifi da ake taunewa da ƙaya, waɗanda ba su da wuyar samu a kasuwar Gujungu ta Taura a Jigawa, duk suna ɗauke da kalsiyam.